Ƙafar da Ta Dawo Ba Mai Ita

In kira shi, ko in ƙyale shi? Da wannan tambaya nake kwana, da ita nake tashi, tun ranar da na sauka a tashar Agadas da ƙunshin kayana a ka, ƙafar mijina a hammata. Ɗana Ilyasu yana Gardaya, can cikin Aljeriya. Shi ne autana. In na ɗauki salula na ce masa, "Auta, dawo gida," wallahi ba zai yi mini gardama ba, zai ajiye aikinsa ya kamo hanya. Maganar tana bakina. Na kasa faɗinta, na kuma kasa haɗiye ta.

Ni ban yi lakwal ba, ban san baƙi ba. Ramatu maƙwabciyata, wadda ke koyarwa a lakwal ɗin unguwarmu, ita ke rubuta wannan. Na ce mata ta sa yadda na faɗa, in kuka ya zo mini ta ajiye alƙalami ta jira ni.

Mijina baduku ne. Ba zan kama sunansa ba, Malam nake ce masa. Takalman fata yake yi a rumfarsa cikin kasuwa, kuma ba sai ya ga ƙafar mutum ba. Wanda ke Ingal ko Dirku sai ya ɗauki zare ya auna ƙafarsa, ya yi ƙulli a tsawo, ya yi ƙulli a faɗi, ya ba shofer. Zare ya zo, takalmi ya koma, ya zauna daidai. Haka ya yi aikinsa tun kafin a kai ni gidansa.

A rumfar nan Ilyasu ya yi rarrafe. Hannun ubansa ya ɗauko, ga kuma kai. Da ya ƙare lakwal aka ba shi burus, kuɗin karatu na gwamnati, ya tafi Lome, ya koyo yadda ake ƙera ƙafa da hannu na roba ga waɗanda suka rasa nasu. Ranar da ya dawo da dipulom ɗinsa mun yanka akuya. Daga nan sai jira. Ya je Yamai ya shiga wannan biro ya fita wancan, kowa ya ce masa ya ƙara haƙuri. Aka ba shi wani ɗaki a wani gidan likita ya zauna ba albashi, ɗakin ba tanda, ba roba, ba komai sai tebur da suna a jikin ƙofa. Gurgu ya zo, Ilyasu ya auna shi, ya ce ya dawo in kaya sun iso. Kaya ba su iso ba. A ƙarshe a kusurwar rumfar ubansa ya koma yana ɗinke kujerun babura don ya samu na sabulu. Samarin tasha suna kiransa lokotoron kabu-kabu, wai likitan babura. Yana dariya tare da su, amma ni na haife shi, na san dariyarsa ta gaskiya. Da wani mai atilye, ɗakin ƙera ƙafafun roba, a Gardaya ya ga hotunan aikinsa ya kira shi, ba wanda ya iya ce masa kada ya tafi.

Bayan tafiyarsa ne ciwon sukari ya ci ƙafar Malam ta hagu, aka yanke ta ƙasa da gwiwa. Da dungun ya warke, Malam ya ce in miƙo masa zare. Ya auna ƙafarsa mai lafiya, ya yi ƙulle-ƙullensa a tsanake, ya ba wani shofer mai zuwa arewa. Da zaren ya isa, Ilyasu ya kira mu, ban san ko dariya yake ko kuka ba.

"Baba, ƙafa ba takalmi ba ce. Sai na taɓa dungun da hannuna, na san inda ƙashi yake da inda nama yake."

"To ka zo ka taɓa."

"In na fita yanzu ba lalle a bar ni in sake shiga ba, Baba. Kuma ko na zo, da me zan yi ta?"

Washegari Malam ya sa aka kwashe rabin rumfarsa, aka share, aka shimfiɗa sabuwar tabarma. Ya zauna ya ɗinka wa kansa takalmi, ƙafa biyu, dama da hagu, da jar fatar da yake ɓoyo. Sannan ya gaya mini abin da ke ransa.

"Azara, zan je ya yi mini ƙafar. In na miƙe a kanta zan dube shi ido da ido in ce ya tattara mu koma. Ba a zaune a ƙasa ake ba ɗa umarni ba."

Na yi murna har na kasa cin abinci. Ni ba ƙafa na tafi nema ba, ɗana na tafi ɗaukowa.

A Arlit aka fara cutarmu. Wani ɗan kamasho, irin waɗanda ake kira kokser, ya tare mu tun ba mu gama sauka ba. Bakinsa kamar an shafa masa zuma.

"Baba, kai da wannan ƙafa ai gaba za ka zauna, kusa da shofer, kamar perefe mai mulkin gari. Inna, ki kwantar da hankalinki, ni ma ɗan Agadas ne."

Malam ya zo da buhun takalma don mu riƙa sayarwa a hanya. Mutumin ya zura hannu ya zaɓi mafi kyau a ciki, ya ce ladan kujerar gaba ne. Da gari ya waye muka tarar wani mai mangaza, babban ɗan kasuwa, ya hakimce a kujerar da rawaninsa, kokser kuwa ko ƙurarsa. Na je wurin shofer ina rantse-rantse. Bai ko dube ni ba.

"Ni ban san zancen ba, tsohuwa. Ku hau ko ku bari."

Muka hau baya, a kan bido-bidon ruwa, jarkoki ke nan, da buhuna, kowa ya rungume sandar da aka kafa masa don kada ya faɗi. Mai ƙafa biyu yana dafe jikin mota da su. Malam ba shi da abin dafewa ta hagu, duk ramin da motar ta faɗa sai dungun ya daki bakin bido. Sai da na ga jini ya ɓullo ta ƙyallen na gane.

Wani mutum mai tabarau da ke kusa da mu ya warware rawaninsa, ya naɗe shi kamar gammo, ya cusa ƙarƙashin dungun. Ya bar kansa a rana. Malam ya yi masa godiya, ya tambaye shi sana'arsa.

"Mushe ne ni, Baba. Lissafi nake koyarwa a kolej."

"To ina za ka?"

"An ce ana neman masu ɗaukar siminti a Tamanrasat."

"Yaran fa, wa zai koya musu?"

Mutumin ya cire tabaransa ya goge da bakin riga. "Allon yana nan a jikin bango, Baba. Ban taho da shi ba."

Haka muka isa Asamaka. A kan iyaka muka yi layi cikin rana, sandunan Malam suna nutsewa a rairayi, ni ina tallafe da shi ta gefe. Mushen nan ne ya karanta wa masu kaki takardar da lokotoro ya ba Malam, da faransanci, har suka bar mu muka wuce. A Ingizam muka rabu. Ko sunansa ban tambaya ba. Rawaninsa da jinin mijina a jiki yana cikin akwatina har yau.

Tamanrasat ba ta yi mini baƙunta sosai ba, don ana jin Hausa nan da can. Amma a can aka yi mana abin da ya fi na Arlit zafi, kuma wanda ya yi shi da kyakkyawar niyya ya yi. Muna zaune a ƙasa a bakin tasha muna jiran kar, babbar motar fasinja mai zuwa arewa. Na ajiye kwanon sha gaban Malam don ya haɗiyi magani. Wani Balarabe mai wucewa ya dubi dungun, ya dubi kwanon, ya sunkuya ya jefa kuɗi a ciki, ya yi mana addu'a ya wuce. Ƙarar da kuɗin nan ya yi cikin kwano, har yanzu ina jin ta. Mutumin da bai taɓa cin abin da hannunsa bai ɗinka ba.

Kafin mu farfaɗo sai ga wata mata ƴar ƙasarmu, da goyo da wasu yara biyu a bayanta. Ta tsuguna ta gaishe mu, tana ta kallon ƙafar.

"Iya, sabbin zuwa ne ku? Wannan wurin ba a samu. Ki ba ni aron tsohon nan in kai shi bakin masallacin Juma'a, da yamma mu raba."

"Aro? Turmi ne shi?"

"Ke kika sani. Irin wannan ƙafa ai arziki ce a garin nan, kina zaune a kanta."

Na tashi zan zage ta, Malam ya riƙe mini zane. Ya ce in kwance buhu. Ya fito da basilla da zare da guntun fata, ya baje takalman da suka rage a gabansa, ya hau ɗinki. Ba abin da yake ɗinkawa, fata ce kawai yake hudawa, don duk mai wucewa ya ga mai sana'a ne. Can wani dattijo ya tsaya ya tuɓe takalminsa da ya tsinke ya miƙa masa. Malam ya gyara shi, ya karɓi ladansa da hannu biyu. Kuɗin kwanon kuwa ya ce in ba matar nan. Ta karɓa ba kunya, har da cewa Allah ya ƙara.

Daga Tamanrasat Hausa ta ƙare. Kar ɗin mai kyau ce, da kujeru masu laushi, amma kujerar da ke kusa da mu ba wanda ya zauna a kanta har Insala. In an tsaya cin abinci ban san yadda zan tambayi ruwan alwala ba, sai in nuna hannu da fuska kamar bebiya. Dutse, rairayi, dutse. Na riƙa tuna furar gidana da cuku da dabino, da muryar mai tallan gawayi da ke wuce ƙofarmu kowace safiya. Ban taɓa sanin ina son muryar mutumin nan ba. Wata tsohuwa a kujerar gaba ta juyo sau ɗaya, ta ɓare lemu ta miƙo mana rabi, ta juya. Har muka sauka ba ta sake waiwayowa ba.

Da muka gangaro Gardaya, Malam ya taɓa ni da gwiwar hannu. Gidaje ne a jikin tudu, wani kan wani, a can ƙoli ga hasumiya mai faɗin gindi da tsukakken kai, sak irin ta babban masallacinmu, sai dai ba itatuwa a jikinta.

"Azara, dubi. Ɗanmu bai ishe su ba, har hasumiyar sun ɗauko."

Dariyar da muka yi ke nan ta farko tun Arlit.

Ilyasu yana jiranmu a tasha. Ya yi ƙiba, ya yi haske, furfura ta fara fito masa a gemu, ni ban ga lokacin da ta fara ba. Ya durƙusa a gaban ubansa cikin mutane. Ɗakinsa a saman bene yake, ya goya Malam ya hau da shi. Da ya kwance ƙyallen ya ga dungun, fuskarsa ta sake.

"Baba, me ya sami wurin nan?"

"Hanya."

"Ba zan iya aunawa ba sai ya rufe. Sai mun jira."

Muka jira. Malam ba mai zaman ɗaki ba ne, ya ce a riƙa tafiya da shi wurin aikin. Kowace safiya Ilyasu ya goyo shi ya sauko, ni ina biye da sanduna. Aka ba mu benci a gefe.

Ramatu, rubuta wannan da kyau, don ban taɓa ganin irinsa ba. Ɗaki ne babba mai haske, kuran ɗin lantarki ba ya yankewa. Ga tanda da ake gasa roba har ta yi laushi kamar ƙullun alkama. Ga injin da ke tsotse iska robar ta kama siffar dungu. Ga ƙafafu a jere a kan kanta, manya da ƙanana, har da ta jariri. A tsakiyar wannan duka ga ɗana da farar riga, Larabawa biyu suna miƙa masa kayan aiki, in ya yi magana su ce to. Wanda samarin tasha ke kira lokotoron kabu-kabu.

Wata rana aka kawo wata yarinya da mota ta take. Ilyasu ya ɗaura mata ƙafar da ya ƙera, ya tsuguna yana yi mata wasa da larabci, ya ja da baya ya buɗe hannu. Ta tako. Ta sake takowa. Ubanta, ƙaton mutum mai gashin baki, ya kama kan ɗana ya sumbata yana kuka. Na dubi Malam. Ya sunkuyar da kai yana murza zaren nan mai ƙulle-ƙulle, wanda ya tarar Ilyasu ya rataye a ƙusa kusa da teburinsa.

Na riƙa zungurinsa. "Ka faɗa masa?"

"Sai na miƙe."

Da ciwon ya rufe, Ilyasu ya naɗe dungun da ƙyalle mai farar ƙasa, ya riƙa dannawa da yatsunsa, nan a hankali, nan da ƙarfi, idonsa a rufe. Malam yana kallon yatsun. Na ji ya ce, ƙasa-ƙasa, "Ashe haka ne." Da ƙafar ta kusa ƙarewa Ilyasu ya ce a kawo takalmin da za a riƙa sawa, don da shi ake daidaita tsayi. Malam ya fito da jajayen nan. Sai ga matsala: takalminmu yana da igiya mai shiga tsakanin babban yatsa da na kusa da shi, ƙafar roba kuwa yatsunta a haɗe suke.

"Baba, sai dai ka sa rufaffen takalmi irin na nan."

"Ni? In shiga kasuwar Agadas da takalmin kanti? Su ce baduku ya mutu?"

Suka yini a kan abin nan su biyu, kai da kai, suna gardama kamar sa'o'in juna. Ilyasu ya tsaga tsakanin yatsun da ɗan zarto, ya goge wurin har ya yi santsi. Malam ya sake igiyar, ya ƙara wata ta bayan dunduniya don kada takalmin ya zame. Wannan ya ce miƙo basilla, wancan ya ce riƙe nan. Ina zaune a benci ina kallonsu, na ce a raina, haka za su zauna a rumfa. Har na ga tabarmar.

Ranar da ya miƙe, tsakanin wasu ƙarafa biyu da ake dafawa aka tsayar da shi. Ya dafa, ya tashi, ya saki nauyinsa a hankali. Na manta tsawonsa, wallahi na manta mijina dogo ne. Ya taka har ƙarshen ƙarafan, jajayen takalma biyu suna ƙara a kan siminti, ya juyo. Ga shi tsaye, ga Ilyasu a gabansa, ido da ido, yadda ya ce. Ya daɗe yana kallon yaron. Ya dubi tandar, ya dubi kantar ƙafafun, ya dubi mutanen da ke zaune a layi suna jira.

Ya ce, "Nan gefen yana ɗan matsa ni."

Shi ke nan abin da ya faɗa.

Da muka koma ɗaki, Ilyasu ya fita sayen burodi, na tasa shi gaba. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar.

"Ka miƙe ko ba ka miƙe ba? Mun ƙetare hamada, an jefa maka sadaka a kwano, don ka ce gefe yana matsa ka?"

"Azara, in na ce ya zo, zai zo."

"To ai shi ne!"

"Shi ne abin da ya hana ni."

Na juya masa baya. Na ce a raina gobe zan sake tayar da zancen, in ya ƙi ni zan faɗa da bakina.

Ba a yi goben da nake nufi ba. Ciwon da muka ɗauka ya warke ashe ta sama ya rufe, yana ci ta ciki. Zazzaɓi ya kama shi, dungun ya kumbura ya yi baƙi. Aka kai shi gidan likita. Sun yi iya ƙoƙarinsu, ba zan ɗauki alhakinsu ba. Ilyasu yana ta kai da kawowa da farar rigarsa, mai ƙera wa mutane ƙafa, ya rasa abin da zai ƙera. Wata ranar Talata bayan la'asar Malam ya cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Dakata, Ramatu.

To. Rubuta.

Maza suka ɗauke shi, mutanen da ba su san ko sau ɗaya ya huda fata ba. An ce mini maƙabartar tana bayan tudu. Ban san kabarin ba. Ƙafarsa ta hagu tana binne a Agadas, sauran jikinsa yana Gardaya.

A ɗakin benen nan na yi takaba. A gida da mata sun cika tsakar gida, wannan ta kawo kunu, wannan ta zauna tana ba ni labarin kirkinsa, wata ta yi mini faɗa in na ƙi cin abinci. A can bango huɗu ne da taga ɗaya. Ilyasu ya fita da safe, dole ya fita, mutane suna jiransa. In zauna da tasbaha da ƙafar nan a jingine a kusurwa, da takalminta. Sanyi ya shigo, irin wanda ke shiga ƙashi. Wani yini ba na buɗe baki sai in zan yi salla, har na riƙa jin muryata kamar ta wata.

Akwai wata mata a gidan da ke kallon namu, cikin masu lulluɓa da farin mayafi su bar ido ɗaya. Da fari kwano take ajiyewa a bakin ƙofa ta ƙwanƙwasa ta tafi. Wata rana ta shigo, ta yaye mayafin, sai na ga tsohuwa ce kamata, ba haƙora a gaba. Ta nuna kanta, ta nuna ƙasa, ta ɗaga hannu sama, na gane ita ma nata ya rasu. Daga ranar takan zo bayan azahar ta zauna kusa da ni. Ba ta jin nawa, ba na jin nata. Salati kaɗai muka haɗa, sai mu yi ta yi tare. Ranar da na fita takaba ita ta dafa ruwa, ta tsefe mini kai, ta ƙunsa mini lalle. Da zan tafi na ba ta takalmi ɗaya da ya rage a buhu. Ya yi mata yawa, ta sa shi haka nan tana ja.

Ilyasu ya raka ni har Tamanrasat. A tasha, daidai inda aka jefa mana sadaka, ya tsuguna ya riƙe gefen zanena kamar yadda yake yi yana yaro.

"Inna, wa zai ɗebo miki ruwa? In kin ce in biyo ki, yanzu zan hau motar nan."

Na dubi hannuwansa. Na ce, "Ɗora mini kayan, Auta."

Ƙafar na naɗe ta cikin zane na rungume ta duk hanya. A wani shinge wani mai kaki ya ce in kwance. Da ya ga yatsu da jan takalmi sai ya yi tsalle da baya, abokansa suka fashe da dariya. Ya tambaya da hannu, ina mai ita? Na nuna arewa, na nuna ƙasa. Dariyar ta tsaya. Shi da kansa ya mayar da zanen ya ƙulle, ya miƙo mini da hannu biyu.

Na ɗauka in na iso gida abin zai lafa. Sai labari ya bazu cewa akwai ƙafa a gidan baduku. Wani mai gishiri daga Tegidda, wanda shi ma ta hagu aka yanke masa, ya zo ya roƙe ni. Na ba shi, na ce sadaka ce ga mai ita. Bai yi sati ba ya dawo da ita, ta ƙuje masa dungu har jini. Ya zaga gari da ita neman wanda zai gyara masa bakinta, ya je wurin maƙera, ya je wurin masu walda, kowa ya juya ta ya ce bai san kanta ba. Ya ajiye mini ita a bakin ƙofa ya ce, "Inna, ƙafar nan mutum ɗaya ta sani."

Har yanzu suna zuwa. Masu haƙar zinariya da rami ya rufta wa, ƴan kabu-kabu, wata mata daga Ingal da ɗiyarta a baya, budurwa ce har ta isa aure amma goyo ake yi. Su zauna a tsakar gidana su dubi ƙafar, su taɓa ta, su dube ni.

"Azara, ki ji tsoron Allah ki kira ɗanki. Naki ne, namu ne. Don me zai riƙa tayar da ƴaƴan wasu namu suna ja da gindi?"

Gaskiya suka faɗa. Ni ma in na tashi da ciwon baya na rasa mai miƙo mini buta, gaskiyarsu nake gani. Amma na je na leƙa ɗakin nan da aka taɓa ba shi. Sunan yana jikin ƙofa, teburin yana ciki, an tara tsofaffin katifu a kai. Rabin rumfar da Malam ya share ina aikawa a share ta duk Juma'a, tabarmar har ta fara cin rana. In na kira shi, a kan tabarmar nan zai zauna, da basilla, yana jiran babur.

Duk Juma'a bayan masallaci yakan kira ni. Mu gaisa, ya tambayi ƙafafuna, ya tambayi unguwa. Kafin ya kashe sai ya ce, "Inna, akwai abin da kike so?" Ina jin yadda yake jira. In dubi kusurwar ɗaki, jan takalmi ɗaya a ƙafar roba, ɗayan a ƙasa kusa da shi ba kowa a ciki. In ce masa babu.

Ban gaya wa masu zuwa gidana dalili ba, ko Ilyasu ban gaya masa ba. Ke ce ta fari, Ramatu. Ranar Talatar nan, da aka yi kiran la'asar, Ilyasu ya fita neman lokotoro, muka rage mu biyu. Malam ya buɗe ido, ya lalubo hannuna. Tafinsa duk kanta ce ta basilla, ko zazzaɓi bai tausasa ta ba. Na sunkuya don muryar ta yi ƙasa. Na ɗauka ruwa zai ce.

Ya ce, "Kada ki kira shi, Azara. Ba shi ya bar mu ba. Mu ne ba mu da inda za mu ajiye shi."